Layi Biyar da Ke Ceton Aikin Shekara: Darasin Zamanin Filofi ga Masu Kwamfuta a Suleja

Ranar 12 ga Disamba, 1991, gwamnatin tarayya ta tattara komatsanta daga Legas ta tare a Abuja. Ma'aikata suka biyo baya da iyalansu, kuma da yawa daga cikinsu ba su sami muhalli a cikin sabon birnin ba, sai suka gangaro Suleja da Madalla da sauran garuruwan da ke bakin hanyar Kaduna. Dama Suleja ta saba da wannan hidima, domin a nan ne ma'aikatan gina babban birnin suka fara yada zango, a wurin da har yau ake kira Field Base.

Duk inda ma'aikacin gwamnati ya sauka, takarda na biye da shi. Wasiƙar neman aiki, takardar neman kwangila, yarjejeniyar haya, shaidar sayen fili, kundin kammala karatu, katin gayyatar biki, duk sai an buga su. Shagunan buga takardu suka yawaita, kuma a hankali kwamfuta ta fara ture tafireta gefe. A Ingila da Amurka, ƙaramar kwamfuta ta shiga rayuwar mutane ne ta ƙofar gida, da irin su Commodore 64 da ZX Spectrum waɗanda suka fito a 1982, ana haɗa su da talabijin ana adana aiki a kaset. A wajenmu ta ƙofar ofis da shago ta shigo, yawancinta kuma ta hannu ce, mai aiki da manhajar MS-DOS. Gida sai daga baya, a ɗakin ma'aikacin da ya samu hali.

Wannan na'ura ta zo da wata matsala da tafireta ba ta da ita. Abin da tafireta ta buga yana nan a takarda, ido na ganinsa. Abin da ke cikin kwamfuta kuwa yana iya ɓacewa gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, babu toka balle hayaƙi. Masu aiki da ita a wancan zamani sun gano wa kansu magani mai arha: su rubuta wa na'urar umarni sau ɗaya, ita kuma ta riƙa kwafe aikinsu tana adanawa ba tare da jiran a tuna mata ba. Wannan dabara ta tsufa, amma da tsohuwar zuma ake magani.

Faifai mai rauni, wuta mai yaudara

Kwamfutar IBM PC ta farko ta fito a watan Agusta na 1981. Wadda ta biyo ta a 1983, mai suna XT, ta zo da babban faifai na ciki mai ɗaukar megabait 10. Faifan filofi na lokacin, mai faɗin inci 5.25, yana ɗaukar kilobait 360 ne kawai, ke nan wanda yake son kwafe babban faifan da ya cika sai ya tanadi filofi kusan 30. Ƙaramin filofi mai inci 3.5 da megabait 1.44, wanda aka fi sani a shagunanmu, ya bazu ne daga 1987. Hoto ɗaya da wayar yau ke ɗauka ya fi ƙarfinsa.

Ga ƙanƙanta, ga rauni. Filofi leda ce siririya da aka shafa wa sinadarin maganaɗisu, kuma duk abin da yanayin Suleja ke da shi abokin gabarsa ne. Da hunturu ƙura na shiga ko'ina, ta kankare fuskar faifan. Da damina, a garin da ke samun ruwa kamar da bakin ƙwarya, raɓa na sa shi yin fumfuna a cikin durowa. A ajiye shi kusa da lasifika, maganaɗisu ya lalata abin da ke ciki. A bar shi a mota da rana, zafi ya lanƙwasa shi.

Sai kuma wuta. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro, amma hakan bai hana ɗaukewar wuta ba a zamanin NEPA. Idan wuta ta tafi a daidai lokacin da kwamfuta ke rubutu a faifai, fayil ɗin na iya lalacewa, wani lokaci har da jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake. Idan ta dawo da ƙarfi fiye da kima, ko janareta ya yi tsalle, babban faifan kansa na iya tafiya.

Na uku shi ne ƙwayar cutar kwamfuta. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan suka rubuta wadda aka sani da Brain, wadda ake ɗauka ita ce ta farko a irin waɗannan kwamfutoci. Ta filofi take yaɗuwa, haka ma da yawa daga cikin waɗanda suka biyo bayanta. Shagon buga takardu kuwa mahaɗa ce: kowane abokin ciniki da nasa faifan, kuma kowane faifai ya zaga ofisoshi kafin ya iso.

Umarni a rubuce

Kowa ya san ya kamata a yi kwafi. Matsalar ita ce ɗan Adam. Mai buga takardu ya wuni a kan kujera, magariba ta kawo jiki, man janareta ya kusa ƙarewa, sai ya ce gobe. Goben nan ita ce ke cinye aikin wata shida.

MS-DOS ba shi da hotunan dannawa. Baƙin allo ne, kana rubuta umarni yana bi. To amma yana da wata baiwa: idan ka jera umarnin a cikin fayil guda, ka sa masa suna mai ƙarewa da BAT, to da ka kira sunan sai na'urar ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba a bukatar digiri ko sayen wata manhaja. Duk kwamfutar da ta shigo Suleja da DOS ta zo da wannan dama a cikinta. Akwai ma fayil na musamman mai suna AUTOEXEC.BAT, wanda na'urar ke karantawa da kanta duk lokacin da aka kunna ta. Wanda ya sa umarnin kwafi a ciki, to aikin jiya zai shiga ma'ajiya tun kafin a fara na yau.

Zuciyar dabarar wata 'yar alama ce da DOS ke liƙa wa kowane fayil. Duk lokacin da aka ƙirƙiri fayil ko aka canza wani abu a cikinsa, sai alamar ta tashi, ma'ana wannan bai shiga ajiya ba tukuna. Umarnin XCOPY, wanda ya fara fitowa a DOS 3.2 a 1986, ya san wannan alama. Idan aka rubuta masa layi kamar haka:

XCOPY C:\AIKI A:\ /S /M /V

to an ce masa ya shiga foldar AIKI da duk ƙananan foldojin da ke ƙarƙashinta, ya ɗauki fayilolin da alamarsu ta tashi kaɗai, ya kai su filofi, ya duba cewa sun rubutu, sannan ya sauke alamar. Gobe ba zai sake ɗaukar su ba sai an taɓa su. Ta haka aikin da zai ci filofi goma ya koma na filofi ɗaya da minti biyu.

Sauran layukan ƙawa ne da kariya. Layi ɗaya ya rubuta a allo cewa a saka faifan yau. Na biyu ya dakata har sai an danna maɓalli. Na uku ya yi kwafin. Na huɗu ya duba lambar da XCOPY ya mayar, domin idan ba sifili ba ce to da matsala. Na biyar ya sanar da mai aiki ko an yi nasara ko a sake. Layi biyar ke nan. Maigidan shago yana iya sa wa fayil ɗin suna TASHI, ya gaya wa yaronsa cewa kada ya kashe na'ura sai ya rubuta wannan kalma. Yaron ba ya bukatar sanin abin da ke ciki.

DOS na da nasa umarnin ajiya, BACKUP da RESTORE, tun daga 1983. Amma abin da BACKUP ya adana ba ya buɗuwa sai da RESTORE, kuma wani lokaci na wannan DOS ɗin ba ya karanta na wancan. Shi ya sa mutane da yawa suka fi amincewa da kwafi na zahiri da za su iya buɗewa a kowace na'ura.

Matse kaya don su shiga

Tunda filofi ƙarami ne kuma kuɗi ake saye, sai hankali ya koma ga yadda za a rage girman fayil. Rubutu cike yake da maimaici: kalmomi iri ɗaya, haruffa iri ɗaya, fili tsakanin layuka. Manhajar matsewa tana gano maimaicin ta maye gurbinsa da gajeruwar alama, idan an zo buɗewa ta mayar da komai yadda yake. Takardar rubutu zalla takan ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka.

A 1985 wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna System Enhancement Associates ya fitar da manhajar ARC, wadda ke matse fayiloli da yawa ta ɗaure su a ƙunshi ɗaya. Wani matashi ɗan Milwaukee, Phil Katz, ya rubuta tasa mai sauri fiye da ita, kamfanin ya kai shi kotu a 1988. Bayan an sasanta, Katz ya fito da sabon tsari nasa a 1989, ya kira shi ZIP, ya kuma bayyana yadda aka gina shi ga duk mai son amfani da shi. Wannan buɗewa ce ta sa tsarin ya rayu. Katz ya rasu a 2000 yana da shekara 37, amma har yau wayar hannu na buɗe ƙunshin ZIP da aka ɗaure shekaru talatin da suka wuce. A Japan, Haruyasu Yoshizaki ya rubuta LHA, wadda masu kwamfutar Amiga suka runguma. Akwai kuma ARJ ta Robert Jung, wadda ta yi suna wajen rarraba babban ƙunshi a kan filofi da yawa.

Waɗannan manhajoji duk da rubutaccen umarni ake sarrafa su, saboda haka suka dace da fayil ɗin BAT kamar an gwada. Layi ɗaya na PKZIP, manhajar Katz, ya isa ya tattara foldar aiki, ya matse ta, ya zuba a filofi, idan ya cika ya nemi na gaba. Kuma da yake DOS ba ya karɓar suna mai haruffa fiye da takwas, masu lura sukan sa kwanan wata ya zama sunan ƙunshin, shekara a gaba, sai wata, sai rana, domin jerin ya tsaya bisa tsari da kansa.

Sai dai matsewa na da nata haɗarin. Ƙunshin da aka raba a filofi shida, jadawalinsa na kan na ƙarshe. Idan wannan ya lalace, ko ɗaya daga cikin na tsakiya, ƙwato aikin sai an sha wuya. Don haka wanda ya san hannunsa yakan ƙara layin gwaji na PKUNZIP, manhajar buɗe ƙunshin ZIP, wanda ke bin kowane fayil yana kwatanta shi da lambar tantancewa da aka adana tare da shi.

Kaka, uba da ɗa

Kwafi ɗaya bai isa ba, kuma dalilin a fili yake. Idan fayil ya lalace ranar Talata ba a lura ba, umarnin zai kwafe lalataccen ya danne mai kyau. Na'ura ba ta san bambanci ba, abin da aka ce ta yi take yi. Maganin da manyan cibiyoyin kwamfuta suka daɗe da shi, ƙananan masu amfani kuma suka ara, shi ne juya faifai hawa uku. 'Ya'ya su ne faifan kullum, Litinin zuwa Alhamis, ana sake rubutu a kansu duk mako. Iyaye su ne na Juma'a, ana riƙe su tsawon wata. Kakanni su ne na ƙarshen wata, waɗanda ake ɗauke su daga shagon gaba ɗaya a kai gida. Da wannan tsari mutum na iya komawa jiya, ko makon jiya, ko watan jiya.

Ɗauke kwafi daga wurin ba tsirfa ba ce. Mutanen Suleja ba su manta da ambaliyar watan Yuli na 2017 ba, wadda ta ci rayuka ta rushe gidaje. Ruwa ko gobara ko ɓarawo ba sa bambance kwamfuta da faifan da ke durowar da ke ƙarƙashinta.

Akwai kuma kuskuren da har manya ke afkawa. A 1998, lokacin da kamfanin Pixar na Amurka ke haɗa fim ɗin Toy Story 2, wani umarnin gogewa da aka bayar bisa kuskure ya share mafi yawan aikin. Suka koma ga ma'ajiyarsu, sai suka tarar ta daɗe ba ta aiki yadda ya kamata, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne kwafin da ke kwamfutar gidan wata ma'aikaciya, wadda ke aiki daga gida saboda ta haihu. Darasin shi ne, umarni na iya gudana kullum yana nuna kamar lafiya alhali babu abin kirki a faifan. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, fata ne kawai.

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin damuwa tasa. Tsofaffin manhajojin rubutu ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba. A shekarun 1990 aka riƙa ƙirƙiro zanen haruffa na musamman don cike giɓin, kamar wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsara mai suna Rabi'at. Irin waɗannan sukan ari gurbin wasu alamomi su ɗora haruffan Hausa a kai. Wanda ya adana rubutunsa bai adana zanen haruffan tare da shi ba, idan ya buɗe a wata na'ura sai ya ga baƙin alamomi a maimakon haruffa masu lanƙwasa. Haka ma fayilolin WordStar da WordPerfect da dBase, suna nan lafiya amma manhajar da za ta karanta su ta yi wuyar samu. Ajiya ta gaskiya ta haɗa da mabuɗin da za a buɗe ta.

Filofi ya tafi, matsalar ta zauna

Kamfanin Sony ya daina ƙera filofi a 2011. Gwamnatin Japan, wadda ta daɗe tana riƙe da shi a dokokinta, ta sallame shi a 2024. A Suleja faifan CD ya gaje shi, sai filash, sai katin waya. Shagunan buga takardu sun koma cibiyoyin rajistar jarrabawa, cike fom na neman aiki, gyaran hoto, haɗa bidiyon biki. Makarantu masu zaman kansu na riƙe sakamakon ɗalibai a kwamfuta ɗaya ta ofishin shugaba. Kantin magani na riƙe lissafin kaya da bashi. Mai ɗaukar hoto na yawo da bukukuwan mutane goma a kati ɗaya.

Girman ma'ajiya ya ninka sau dubbai, amma haɗarin na nan, har ya ƙaru. Kasuwa cike take da filash na jabu, wanda ke nuna girman da ba shi da shi, sai ka zuba kaya ya karɓa, ranar buɗewa ka tarar da wayam. Akwai cutar da ke ɓoye foldojin filash ta bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu, wadda duk mai shago ya santa. Akwai kuma masu garkuwa da bayanai, waɗanda ke kulle fayiloli su nemi fansa. A 2017 irin wannan cuta mai suna WannaCry ta shiga ƙasashe fiye da ɗari, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Irinta na kulle duk faifan da ta samu a jone, har da na ajiya.

Wasu za su ce ai yanzu komai na hawa intanet da kansa. Gaskiya ne WhatsApp na iya adana hirarraki a Google Drive, kuma Google na ba da gigabait 15 kyauta. Amma wurin na cika, data na ƙarewa, kuma mutane da yawa ba su san kalmar sirrin asusun da aka buɗe musu a shagon waya ba. Ban da haka, tsarin da ke daidaita na'ura da intanet madubi ne: ka goge a nan, ya goge a can.

Abin daɗi shi ne kayan aikin na nan, kyauta kamar dā. Windows na yau har yanzu yana karanta fayil ɗin BAT. XCOPY na nan, ga kuma ƙaninsa Robocopy wanda ya fi shi juriya, yana ci gaba daga inda ya tsaya, yana kuma rubuta rahoton abin da ya yi. Akwai Task Scheduler da za a ce wa ya tayar da umarnin kullum ƙarfe biyar na yamma. Masu Linux na da tar da cron, waɗanda suka samo asali tun shekarun 1970, da rsync da Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996. Ƙa'idar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa ita ce: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. A yanayinmu sai a ƙara sharaɗi guda, wato a cire faifan ajiya daga jikin kwamfuta da zarar an gama, saboda wuta da kuma masu garkuwa.

Amana ce

Abin da ke cikin kwamfutar shago ba na mai shago ba ne shi kaɗai. Akwai shaidar filin marayu, akwai kundin da ɗaliba ta shekara tana rubutawa, akwai hoton mahaifin da ya riga mu gidan gaskiya wanda babu wani sai shi. Riƙe su amana ce, kuma amanar fuska biyu gare ta. Ta farko kada su ɓace. Ta biyu kada su faɗa hannun da bai dace ba, domin faifan ajiya mai ɗauke da lambobin shaidar ɗan ƙasa da hotunan fasfo na ɗaruruwan mutane dukiya ce ga ɗan damfara. Dokar kare bayanan jama'a da aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora alhakin wannan a kan duk mai tara bayanan mutane. Saboda haka umarnin da ke kwafi ya kamata ya kulle ƙunshin da kalmar sirri, abin da aka gama da shi kuma a goge.

Tarihin garin nan shaida ne a kan amfanin yawaita kwafi. Labarin yadda Sarki Muhammadu Makau ya baro Zariya a zamanin jihadi, da yadda Abu Ja ya kafa garin a 1828, yana bakin dattawa ne har Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta shi, aka fassara aka buga a Ibadan a 1952. Yau yana ɗakunan karatu a ƙasashe dabam-dabam, ba gobarar da za ta cinye shi duka. Takardun da aka buga a kwamfutocin Suleja a shekarun 1990 kuwa, waɗanda ba su samu irin wannan gata ba sun tafi tare da filofinsu.

Gyaran na hannun mutane ƙalilan da ake iya lissafawa. Makarantun koyon kwamfuta da ke garin su sa darasin ajiya a makon farko, kafin koyon ƙawata rubutu, kuma kada ɗalibi ya karɓi takardar shaida sai ya goge folda da gangan ya dawo da ita daga kwafinsa a gaban malami. Masu gyaran kwamfuta, waɗanda su ne ke ganin hawayen masu asara, su riƙa ɗora wannan umarni a kan duk na'urar da ta bi ta hannunsu, su nuna wa mai ita yadda zai duba rahoton. Shugabannin makarantu da masu shaguna su sa rana ɗaya a wata da za a buɗe ajiyar a wata na'ura dabam a tabbatar tana karantuwa. Kuɗin faifan waje guda biyu bai kai na sake buga sakamakon ɗalibai na zango ɗaya ba, rubuta umarnin kuma bai wuce aikin rabin sa'a ba.